Agogon da Ke Cin Motsi

Agogon ya sake mutuwa a hannun Kafinta. Siririn hannunsa mai zagaye ya kafe wuri ɗaya kamar an buga masa ƙusa. Kafinta ya kara shi a kunne, shiru. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, agogon ya ɗan taka kaɗan ya sake tsayawa.

Tsohon agogo ne, mai fuska ruwan madara da maɗaurin fata da ya sha gumin wani. Kafinta bai taɓa mallakar agogo ba a rayuwarsa, inuwar rumfa da kukan ciki su ke gaya masa lokaci. Amma ranar da ya hangi wannan a teburin ɗan gwanjo, ƙafarsa ta ƙi gaba, don ya yi kama da na marigayi mahaifinsa kamar an tsaga kara. Ɗan gwanjon ya san shi, sai ya ce ya tafi da shi ya gwada, in ya yi masa a yi magana.

"Kada ka yi cinikin biri a sama, Maigida," in ji matarsa da safen nan. "Kai wa Mai-agogo ya duba maka kafin ka saya."

Akwai abin da Kafinta bai gaya mata ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Tun watannin baya hannunsa na hagu ya fara nauyi. Ƙusa takan sulale daga yatsunsa ba tare da ya ji fitarta ba. Ya koma danne katako da gwiwa, hannun kuwa ya ba shi masauki a aljihu, yana fito da shi ne kawai in ya ga idon mutane. Mahaifinsa ta hagu ciwon ya fara kama shi, kafin ɓarin jikin ya shanye gaba ɗaya. Kafinta yana tsoro, tsoron da ya hana shi ko ambaton sunan ciwon a zuci.

Shagon Mai-agogo ɗan ƙuƙut ne, ya matse tsakanin mai ɗinkin takalma da mai gyaran waya. Agogunan bango sun cika shi, kowanne da lokacin da yake faɗa, kamar shaidun da ba su haɗa baki ba. Tsohon yana duƙe a kan tebur da gilashi maƙale a ido ɗaya. Mutum ne mai barkwanci, wanda bakinsa ya fi hannunsa sauri.

"Baba, shawara na zo nema," Kafinta ya ce bayan sun gaisa. Ya sa hannun dama ya kwance agogon daga na hagu ya ajiye. "Ina so in saya, amma mutuwa yake yi."

"Kowa ma mutuwa yake yi, ɗana. Kawo mu gani."

Ya juya shi, ya buɗe bayansa da ɗan siririn ƙarfe, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe yana gyaɗa kai. Kafinta ya tsaya yana addu'a a samu tsatsa, ko karyayyen haƙori, ko wani abu da za a nuna da yatsa a ce ga laifin.

"Agogo sarkin aiki!" Tsohon ya yi masa kirari. "Wannan ya girme ka, amma cikinsa ya fi naka tsabta. Ka ga wannan ƙarfen mai kama da rabin faifai? Duba yadda yake lilo in na karkata shi. Wannan agogon ba ya cin batir, ba ya kuma jiran a wana shi kullum. Motsin hannu yake ci. Kana aiki yana ƙoshi."

Ya rufe bayan, ya kaɗa shi a iska kamar mai kore ƙuda. Siririn hannun ya tashi da gudu.

"Yaushe yake mutuwar? Da asuba, bayan ya kwana a kan tebur?"

"A'a. Da safe ina samunsa da rai, lokacinsa daidai. Sai rana ta take yake tsayawa."

"Yana hannunka?"

"Yana hannuna."

Mai-agogo ya kece da dariya. "Kai, Kafinta! A hannun mai zarto da guduma? Ai irin wannan ba ya mutuwa a hannun mai rai."

Kafinta ya ƙara cusa hannun hagu cikin aljihu. Ƙarar agogunan bango ta taso masa gaba ɗaya. Sai ga mahaifinsa a idonsa, zaune a bakin gado yana ƙwanƙwasa gilashin agogonsa da farce, yana zagin wanda ya ƙera shi. Wata da watanni yana wannan mita, duk gida ana dariya ana cewa agogon Baba ya tsufa. Ashe ba agogon ba ne.

Dariyar tsohon ta yanke. Ya cire gilashin daga idonsa, ya dubi fuskar Kafinta, sannan ya sauke ido kan hannun da ke cikin aljihu. Baki shi ke yanka wuya, kuma ya san nasa ya yi yanka.

"Miƙo mini hannun nan, ɗana."

"Baba, gajiya ce kawai."

"To, miƙo gajiyar in gani."

Kafinta ya zaro hannun a hankali. Tsohon ya saka yatsunsa biyu a tafin ya ce ya matse. Ya matse iya ƙarfinsa, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mai-agogo ya zare yatsun ba tare da ya ja ba.

"Ni agogo na iya buɗewa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Shi lafiyarsa ƙalau, in shawarata kake so ka saya. Wannan kuwa ba a teburina ake duba shi ba. Ka je asibiti, kada ka ce sai ka gama wani aiki." Ya juya agogon a tafinsa. "Abu ɗaya ne ban gane ba. Agogon da ya wuni da yunwa ba ya tashi da kansa da safe, balle ya gyara lokacinsa. Wa ke ciyar da shi?"

Kafinta ya karɓi agogon ya fita. A ƙofar shago ya tsaya ya ɗaura agogon a hannun dama, da haƙori da dabara, har maɗaurin ya shiga. Duk tsawon hanya agogon yana tafiya tiƙis-tiƙis. Ya wuce rumfarsa bai ko kalli ƙofar da aka ba shi aikinta ba.

Ya tarar da matarsa tana ninke wanki a ɗaki.

"Me ya ce?"

"Ya ce lafiyarsa lau. Ga shi nan yana aiki." Ya ɗaga hannun dama yana ƙoƙarin murmushi.

Ta dubi agogon, ta dubi hannun da yake kai. Ta ajiye rigar da take ninkewa.

"Ka sauya masa hannu."

"Ya fi zama daidai a nan."

"Maigida, ranar wanka ba a ɓoye cibi." Ta matso ta fara kwance maɗaurin. "Kullum in ka shiga wanka ni ke ɗaukarsa. Ranar farko na taɓa shi ya farka a hannuna, sai na gane abincinsa. Ina kaɗa shi, in saita shi da wayata, in mayar inda ka ajiye, don kada ka fita da faɗuwar gaba. Ni ke ɗinke aljihun hagun nan da ya ɓarke saboda nauyin hannu. Na gaji da taya ka ɓuya. Na kasa faɗa da bakina, shi ya sa na tura ka wurin wanda bakinsa ba ya riƙe magana."

"Tsoro nake ji," ya ce. Tun da suka yi aure ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. "Haka Baba ya fara."

"Ni ma tsoron nake ji. Amma Baba agogo ya yi ta zagi har ciwon ya gama da shi. Kai ba za ka zauna zagin agogo ba."

Ta zaro hannun hagun daga aljihu, ta ɗaura masa agogon, ta ja maɗaurin har ramin ƙarshe.

"A nan zai zauna. Shi bai iya rufa maka asiri ba. Sa takalminka, yanzu za mu je, ba gobe ba."

Ya sunkuya yana laluben takalmi da ƙafa, ita kuma ba ta saki hannun ba, tana riƙe da shi cikin nata biyu tana murzawa kamar mai ɗumama jariri. Ya saci kallon fuskar agogon. Siririn hannun yana zagayawa, amma Kafinta bai san motsin wa yake ci ba, nasa ko nata.