Guntun Yatsan Rimpen

"A nan za ka tsaya," in ji Rimpen, tana dukan bayan kujerar ɗanta da tafin hannu. "Ban zo garin Ubud kallon birai ba. Birai ai muna da su a gida, har da masu tuƙa mota."

Suardika ya ja tsaki ƙasa-ƙasa, ya gangara gefen titi. Matarsa Ariani ta dubi agogo. Tun jiya suka tsara yinin: dajin birai da safe, gasasshiyar agwagwa da rana, sannan hotuna a gonakin shinkafa. Tsohuwa kuwa don kada a bar ta ita kaɗai aka sako ta a mota.

"Inna, minti goma," ya ce. "Kuma don girman iyayenki ban da faɗa."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta tura ganyen sirih da take taunawa kamar goro a kunci, ta nufi ƙofar gilashin wani gida. Daidai wurin nan madafinta yake a da.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a gidan nan. Mijinta ya mutu tana goyon Suardika, kuma bazawarar da take son ɗanta ba ta barin gidan miji, don ɗa na ɗakin kakannin ubansa ne. Yayan mijin, Renteb, mai zane ne, amma giya da caca a faɗan zakaru suka cinye masa hannu. Da fari tawada take dama masa da kunkunniyar fitila. Daga nan ta koma cike ganyaye. Kafin shekara uku ita ce mai zana komai, kasuwa da jama'arta, aljanu, masu rawa, shi kuma sai ya tashi da hantsi, ya yi hamma, ya rubuta sunansa a ƙasa. Ita ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Bara aka ƙona gawarsa cikin bijimin katako mai ƙahon zinariya, gari ya cika. Ba wanda ya aiko mata.

Ɗan Renteb, Parwata, shi ya mai da gidan ɗakin nuna zane. Yana tsaye da farar riga da fure a bayan kunne, yana yi wa wasu Turawa bayani, sai ya hango ta.

"Gwaggo! Idonki kenan? Ashe ana ganinku?"

"Ana ganinmu, tunda ba mu mutu ba. Kai Parwata, sunana na zo a sa a bangon nan. Ni na zana waɗannan, kai ma ka sani. A gindina kake rarrafe kana shan tawada."

Murmushinsa bai motsa ba. "Gwaggo, tsufa kenan. Kowa ya san kin taya Baba dama tawada."

"Tsufan uwarka."

"Inna!" Suardika ya riƙo gwiwar hannunta. Ta fizge.

Ta taka zuwa babban zanen da ke tsakiya, na ranar girbi, mutum ya fi ɗari a ciki. Idonta ya yi hazo yanzu, amma ba ta bukatar ido. Ta kai hannu can ƙasa ta hagu, bayan wata bishiyar ayaba.

"Dubi matar nan mai ɗauke da dami. Ƙirga yatsunta."

Parwata ya sunkuya. Yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa guntu ne. Rimpen ta ɗaga hannunta na hagu ta manna a gilashin. Wuƙar yankan shinkafa ce ta cire mata gaɓa ɗaya tana 'yar shekara tara.

"Je ka duba sauran. Ta kasuwa tana sayar da barkono. Ta wurin rawa tana bayan mai ganga. Babu zane ɗaya a ɗakin nan da ba ni a ciki. Ubanka shekara talatin yana sa hannu, bai taɓa lura ba, don bai taɓa kallon abin da yake sa wa hannu ba."

Ya bi zanukan ɗaya bayan ɗaya. Turawan suka bi shi. A na bakwai ya daina dubawa, ya tsaya yana murza furen kunnensa. Da ya juyo, sai fuskarsa ta yi haske kamar wanda ya tsinci abu a hanya. Ya faɗa wa baƙin wata magana da harshensu. Wata mai jan gashi ta dafe ƙirji, ta ɗaga waya ta ɗauki hoton hannun Rimpen.

"Gwaggo, kin yi gaskiya, an zalunce ki," ya ce a tausashe. "Ku je ku ci abinci. Kafin ku dawo sunanki yana bango."

Ta ci agwagwa har da tsotsar ƙashi. Ta ba jikokinta mata biyu labarin yadda ake fere alƙalamin gora, suna ta latsa waya. Suardika ne bai ci ba. Shi ya ji abin da Parwata ya faɗa wa baƙin da Turanci.

Da suka dawo, ga sabon farin kati a gefen zanen girbi, har da hoton hannunta. Mutane sun taru.

"Karanta mini," ta ce wa ɗanta.

Ya dubi katin, ya dubi Parwata. Parwata ne shugaban gida yanzu. Ranar da za a ƙona gawar Rimpen, daga ɗakin kakannin gidan nan za a ɗebo ruwan tsarki, kuma sai da yardarsa.

"An ce ke kika zana, Inna. Mu tafi, rana na yi."

Yana faɗa yana sosa bayan wuya. Haka yake yi tun yana satar mangwaro.

A bakin ƙofa wata mata mai shara tana kwashe furannin hadayar safe da aka tattake. Rimpen ta kamo ta.

"'Yar nan, kin yi makaranta? Zo ki karanta mini, da harshenmu, kada ki rage komai."

Matar ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa. "Ni Rimpen, matar ƙanen mai zane. Shekara talatin yana son ta a ɓoye, tana son sa. Da al'ada ta hana su, sai ya riƙa ɓoye ta a cikin kowane zane." Ta ɗago kai. "Kai, Kaka! Ashe ke ce? Ashe an sha soyayya!"

Wani ya yi dariya. Ariani ta ja 'ya'yanta waje. Wai soyayya da Renteb, wanda ya taɓa fasa mata baki da kwanon tawada don ta zana masa zakara da ƙafa siririya.

"Parwata, karuwar ubanka ka mai da ni?"

"Haba Gwaggo, wa ya ce haka? Suna kika nema, ga suna. Baƙi labari suke so. Wa zai tsaya kallon aikin mai dama tawada?"

Ta dubi ɗanta. Yana kallon takalminsa.

Ba ta yi ihu ba. Ta tofa jan yawun sirih a tafin hannunta na dama, ta tsoma guntun yatsan a ciki har ya jiƙe, ta sunkuya da ƙyar, ta dangwala shi a gilashin, daidai kan sunan Renteb da ke ƙasan zanen, yadda take dangwalawa a ofishin gwamnati in an ce ta sa hannu. Ta danna sosai. Sannan ta miƙe ta fita da ƙafarta, kafin a fitar da ita.

Suka shiga mota. Titi ya cushe da babura, ba gaba ba baya, don haka ta tagar ta ga komai. Parwata ya yi nuni da haɓa. Mai sharar ta zo da tsumma, ta fesa ruwa a gilashin zanen, ta shafa sau ɗaya.

"Inna," in ji Suardika, bai waiwayo ba, "har yanzu da sauran lokaci. Mu kai yara su ga biran?"