Launin Fuskar Inna

"Ga ta nan! Wallahi ga ta nan!" Zaituna ta zabura har ta ture kofin maganin Malam Isyaku.

"Zauna, 'yar nan, ba ita ba ce tukuna," in ji tsohon, ko ɗago kai bai yi ba.

Shekara talatin ya yi yana injiniya a gidan talabijin kafin ya dawo unguwar Sharaɗa ya zauna, ya cika ɗakinsa da tsofaffin na'urorin da matarsa Rabi ke kira tarkace. Yanzu ciwon ƙoda ya cinye shi, amma da maƙwabciyarsa Zaituna ta kawo kaset ɗin bidiyon bikin sunan ƙaninta, sai da ya sa aka jingina shi da filo. A duk duniya nan kaɗai hoton mahaifiyarta, marigayiya Inna Fanna, ya rage. Ta taɓa kai shi wani shago, suka ƙara haske don a yi kyau, suka miƙo mata wata farar mata da ba ta sani ba. Ranar har gida ta zo tana kuka.

"Yaran zamani ke nan," in ji Malam Isyaku. "Kowa sai sun wanke shi. Baƙi dai a bar shi baƙi."

Ya kai hannu kan akwatin da yake kira dikoda, mai raba haske da launi, idonsa na kan wani ɗan gilashi mai koren layi. Ya murɗa maɓalli a hankali, layin ya sauka, farin hayaƙin da ya lulluɓe hoton a talabijin ya yaye. Saura zanen Inna mai ƙananan ratsi, wanda ke ta walƙiya da ja da kore.

"Filta ce, matatar launi, ba ta dace ba. Ratsin take ɗauka launi ne." Ya danna wani maɓalli, zanen ya tsaya cak, shuɗi da fari.

"Zanenta na Juma'a!" Zaituna ta dafe ƙirji. Rabi ta baro tukunya a kan wuta, matan maƙwabta suka cika ƙofa, kowacce na cewa a matsa mata.

"Awon na'ura ya gama nasa," in ji Malam Isyaku, yana haki. "Fata kuwa sai wanda ya san mai ita. Zan riƙa ƙara launin, ke za ki ce in tsaya."

"Ku ƙara kaɗan, Baba. Kaɗan kuma... a'a, ya yi ja, ku koma. Nan! Ku tsaya nan!"

Inna ce, baƙa mai sheƙi, ta juyo tana hararar mai kyamara. Ɗakin ya kaure da guɗa. Murna ta kama Zaituna har ta rasa inda za ta sa kanta, tsohon kuwa dariya yake yi tari na sarƙe shi.

Ana shirin kwafewa a kwamfuta aka ɗauke wuta.

"Gobe, in Allah ya kai mu," ya ce.

Washegari asibiti aka tafi da shi. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Zaituna ta yi kukan rashinsa, ta kuma ji kunyar kanta, don tana cikin kukan ma kaset ɗin na faɗo mata a rai. Wa zai sake nemo mata fuskar nan?

Bayan addu'ar bakwai Rabi ta kira ta ɗakin, ta yaye ƙyallen da ta rufe na'urorin da shi.

"Ranar da za mu tafi asibiti ya ƙi shiga mota sai da na nemo masa biro."

A gefen kowane maɓalli ya manna 'yar takarda, ya ja layi daidai inda ya tsayar da shi. A saman akwatin kuma ya rubuta: "Innar Zaituna. Jan maɓalli kawai za ki danna."

Akwai wuta. Ta zauna a gefen katifarsa da aka naɗe, ta danna. Inna ta fito a talabijin, tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.