Mun Zo Ba Mu Same Ku Ba

Dogo direban motar raba kaya ne, shekararsa tara a aikin, kuma ba ɓarawo ba ne. Gara a faɗi wannan tun da wuri, domin da shi yake fara kare kansa ko ba a tambaye shi ba. Bai taɓa buɗe kwalin wani ba, bai taɓa jefa kaya ta kan katanga ba. Shi dai ba ya son matakala.

Ƙarfe shida yake isa sito. A ba shi na'ura da kwalaye ɗari da ashirin, ya jera su a mota, na ƙarshe can ciki, na farko a bakin ƙofa. Ba ya karanta suna. Abu uku yake dubawa a jikin kwali: lambar gida, hawa na nawa, kilo nawa. Idan hawan ya wuce uku, kilon ya wuce sha biyar, ginin kuma ba shi da lif, sai kwalin ya koma bayan kujerarsa. Daga nan ya zaro 'yan takardun kamfani da aka buga wa "Mun zo ba mu same ku ba", ya cike su tun motar ba ta tashi ba, har da lokacin da zai je bai same su ba. In ya isa ginin, ya manna takardar a ƙofar ƙasa, ya danna "ba kowa" a na'ura, ya wuce. Direbobi suna kiran wannan dabara. Sunanta ƙarya.

Dokar kamfanin ba ta da wuyar ganewa. Kwalin da aka kai sau uku ba a karɓa ba, ya koma wurin mai aikowa. Direban da aka yi ƙorafi a kansa sau uku a shekara, ya ajiye makulli. Dogo yana da biyu. Na biyun daga wani tsohon ma'aikaci ne da ya tsaya a bayansa da ledar cefane, yana kallo ana manna masa takardar cewa ba ya nan. Manaja ya kira Dogo ofis, bai ɗaga murya ba, ya dai nuna masa ƙusar da ake rataye makullai, ya tambaye shi ko ya ga tana da sauran wuri. Dogo ya ce ya gani. Ya yi sati biyu yana hawa bene kamar mutumin kirki, sannan gwiwarsa ta tuna masa da kanta.

Ranar Litinin aka ba shi wani ƙaton kwali. Gini mai lamba arba'in da ɗaya, hawa na biyar, kilo ashirin da biyu. Ya san ginin, lif ɗinsa ya mutu tun ba a gama fenti ba. Litinin ba kowa. Talata ba kowa. Laraba ya cike takarda ta uku tun da asuba, ya sa ƙarfe biyu da kwata.

Yana cin burodi a mota da tsakar rana Auta ta kira shi, ƙanwarsa. Wata huɗu ke nan da ita da mijinta suka tashi zuwa sabon gida, suka tafi da Inna, mahaifiyarsu, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. A lokacin Auta ta turo masa adireshin. Ya amsa da cewa yana nan tafe ƙarshen mako, bai buɗe saƙon ba. Tun daga nan ƙarshen mako sha bakwai suka zo suka wuce, duk ba su same shi ba.

Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce mijinta ya yi wa Inna odar kujera mai taya, ta kamfaninsu Dogo, kuma kwana biyu a jere wani maƙaryaci yana manna takarda a ƙasa cewa ba kowa. Ina Inna za ta je? Matar da ko tagar ɗaki sai an ɗauke ta? Dogo ya ce ai wasu direbobin ba su da tsoron Allah. Auta ta ce ta riga ta rubuta ƙorafi a wayarta, dannawa kawai ya rage, amma tana son ya binciko mata sunan mutumin don ta sa a ciki.

"Ba ni lambar kwalin," in ji shi, yana taunar burodi.

Ta karanto. Bai rubuta ba. Ya miƙa wuya bayan kujerarsa, yana bin lambobin da ido ɗaya bayan ɗaya, yana fatan ko guda ta saɓa. Duk suka yi biyayya.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina ji. Kar ki danna komai tukuna. Na san shi."

"Wane irin mutum ne?"

"Yana da iyali," in ji Dogo.

Ya tsallake gida goma sha tara, na'ura tana ta ƙara tana gaya masa ya bar hanya. A ƙofar ƙasa takardar jiya ba ta nan, sai guntun salatif. Ya ɗora kwalin a kafaɗa. A hawa na biyu ya yi tunanin zai ce wani abokin aiki ne ya ba shi. A na uku ya gyara labarin, ya ba abokin ciwon baya da mata mai jego. A na huɗu numfashi ya ƙare masa, ya zauna a kan kwalin, ya ga an rubuta kada a zauna, ya tashi.

Auta ce ta buɗe. Ta dubi kwalin, ta dubi rigar kamfanin, ta dubi na'urar da ke rataye a wuyansa. Dogo ya fara bayanin abokinsa mai ciwon baya. Ta bar shi ya kai har wurin jego, sannan ta matsa gefe ta ce ya shigo ya gaya wa Inna.

Inna tana kan katifa a falo, an jingina ta da filo uku, fuskarta na kallon ƙofa. Ta rame fiye da yadda ya bar ta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gwiwarsa. Sai ta sa hannu ƙarƙashin filo ta fito da takardu biyu, ta shimfiɗa su a cinya. Inna ba ta yi karatu ba, amma ta yi shekara shida tana duba littafin lissafinsa don ta tabbatar ya yi aikin gida.

"Har yanzu biyar ɗinka kamar ƙugiya take," in ji ta. "Tun ranar Litinin na gaya wa wannan, ta ce tsufa ne."

Inna ta ce ita ba ta ji haushi ba. Wata huɗu ba ya zuwa ko unguwar, yanzu ga shi kwana biyu a jere yana zuwa har ƙofar ƙasa, ai an samu ci gaba. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta ta yau, ta san tana aljihunsa. Ya ba ta. Auta ta karanta mata: ƙarfe biyu da kwata. Agogon bango yana ɗaya saura.

Shi ya haɗa kujerar, a durƙushe, da ɗan sifanan da ya zo a cikin kwalin. Ya ɗauki Inna ya sa ta a ciki, ya ga ba ta fi kwalin nauyi sosai ba. Ya tura ta bakin taga. Ta leƙa ƙasa, ta ce ashe daga nan ana ganin motar sarai.

A bakin ƙofa ya miƙa wa Auta na'ura ta sa hannu. Ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko za ta goge abin nan, tunda kaya sun iso. Ta nuna masa wayar. Ƙorafin yana nan, layi tara, yanzu har da cikakken sunansa, wanda ba ta buƙaci kowa ya binciko mata ba. Ta ce ba za ta aika ba, ba kuma za ta goge ba. Ta ce Laraba rana ce mai kyau, Inna tana tashi daga barci ƙarfe ɗaya.

Makullin Dogo bai hau ƙusar manaja ba. Kwalaye dai ba su daina taruwa a bayan kujerarsa ba gaba ɗaya, domin mutum ba ya shiryuwa a yini guda, sai dai yanzu yana karanta suna kafin ya ajiye. Kowace Laraba kuma ana ganin motarsa a gaban gini mai lamba arba'in da ɗaya. Hawa biyar yake yi, ba kwali a kafaɗa, yana hutawa a na huɗu.