Bayan Faɗowar Ajo Darwis

Mijina Darwis, wanda duk ƙauyenmu ke kira Ajo Darwis, wato Yaya Darwis a harshenmu, ya faɗo daga bishiyar kwakwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A kan gungumen shinge ya dira, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Ƙashin ƙugunsa ya karye, sannan ɗan ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda likitoci ke kira furostet, ya tsage tare da hanyar fitsari. Sau biyu aka yi masa aiki a birnin Padang.

Da ya miƙe da ƙafafunsa, mutane suka ce ya warke. Ni da nake masa wanki na san da saura. In ya yi tari ko ya ɗaga buhu, fitsari sai ya ɗigo masa. Ya daina zuwa shagon kofi inda maza ke hira, ya daina zuwa masallaci, wai kada ya kai najasa cikin sahu. Ruwa ma ya rage sha. Haihuwa kuwa daga 'ya'yanmu biyu ta tsaya, kuma babu wanda ya taɓa tayar da zancen tsakaninmu.

A shekara ta uku fitsarin ya tsaya cak. Wata safiya na iske shi a bayan gida ya dafe mara, gumi na zuba.

"Ajo, tun yaushe?"

"Tun jiya da la'asar. Kada ki gaya wa kowa, Yus."

Na goya shi a babur zuwa ƙaramin asibitin gunduma. Can muka gamu da Pak Erizal, wato Malam Erizal, wani nas gajere mai furfura da bakin tsiya. Ya sa masa robar fitsari, fitsari ya fito ya kusa cika kwano. Darwis ya yi ajiyar zuciya, hawaye na bin kuncinsa.

"Ajo, tanki ka ɗauki kanka?" in ji Pak Erizal. "Tabon aikin ne yake tsuke hanyar. Kuma ka ƙi shan ruwa, ga shi fitsarinka kamar shayi."

Ya tura mu wurin likita a birni, aka buɗe hanyar. Da muka dawo, Pak Erizal ne ya zauna ya koya wa Darwis yadda zai riƙa sa siririyar roba da kansa duk mako, da hannu wankakke, don kada ta sake tsukewa. Ya koya masa matse naman ƙasan mara mai riƙe fitsari da sakinsa, safe da yamma. Ni kuma ya nuna mini irin ƙyalle mai shan ruwa da zan ɗinka masa.

Wata rana yana duba shi ya ce, "Ban ganinka a Juma'a."

Darwis ya sunkuyar da kai. "Da wannan halin, Pak?"

"A sahun gaba kaɗai na san mutum huɗu masu ɗaure da ƙyalle irin naka."

"Su waye?"

"Ba zan faɗa ba. Kamar yadda ba zan faɗi naka ba."

Dariya ta ƙwace wa Darwis, har ya dafe zani yana cewa, "Ka ga abin da ka jawo mini!" Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Washegari ya je wurin Buya, limaminmu, wanda ya ce masa ya wanke jiki, ya canza ƙyalle, ya yi alwala bayan shigar lokaci, abin da ya ɗigo daga nan Allah ya ɗauke masa. Juma'ar farko na tsaya a ƙofa ina kallonsa ya nufi masallaci har ya sha kwana.

Ba wai ya rabu da lalurar ba ne. Har yau yana sa robarsa, wata shida-shida muna ganin likita, kuma sau biyu zazzaɓin mafitsara ya kwantar da shi. Amma yana shan ruwansa, yana sayar da man kwakwa a kasuwa, ya koma cikin mutane. Duk sallar da na yi sai na sa Pak Erizal a addu'a. Da na kai masa rendang, naman da muke dafawa da madarar kwakwa, cewa ya yi barkono ya yi kaɗan, amma kwanon a wanke ya dawo.

Watan jiya ya zo gidanmu. Wani magidanci a ƙauyen gaba ya yi haɗarin babur, ya sami irin raunin Darwis, ya kulle kansa a ɗaki.

"Ya yarda ka zo," in ji Pak Erizal. "Ni na gaji da magana, kai zai fi ji."

Darwis ya sa hularsa, ya dube ni. "Yus, akwai sababbin ƙyallaye?"

Na ba shi shida a leda. Bai dawo ba sai bayan azahar, ya ce mutumin ya ci abinci, kuma matarsa na so in koya mata ɗinkin.