Baƙin Fitilar Baba Kyari

Ranar da 'yata Afra ta haihu, ban ko samu na yi wa jaririyar kallon tsanaki ba, saboda fitila. Muna dawowa daga asibiti, mahaifiyata Inna Kubura ta ce in leƙa ƙarƙashin gadonta in ɗauko. Na durƙusa na jawo akwati, na jawo kwalla, na jawo tsohuwar darduma har da takalmin da aka gaji da nema. Babu fitila.

Ta mahaifinmu ce, Baba Kyari, wanda ya zo daga Barno yana saurayi ya kama aiki a tashar jirgin ƙasa, ya zauna a Fagge har Allah ya karɓi abinsa. Fitilar hannu ce ta tagulla mai gilashi ja da kore, irin wadda ake ɗaga wa direban jirgi. Tun kafin a haife ni ta riga ta tsufa, sai aka bar masa ita. A gidanmu aikinta ɗaya ne. Duk ranar da aka haihu, kafin a kira magariba Inna za ta kunna ta a ɗakin mai jego, ta yi ta ci har ranar suna. Ranar sunan sai ta kankari baƙin da ya taru a cikin hular fitilar, a haɗa da ƙaro a yi tawada, a yi wa jariri rubutu. Amma ba ta taɓa kankarewa duka ba. Kullum takan bar na ƙasa, wanda ya daskare tun Baba na yawo da ita a bakin dogo, ta ɗan gutsuri kaɗan ta haɗa da sabon, don kowane jariri ya samu rabonsa na Baba. Ni na sha, ƙannena sun sha, 'ya'yanmu sun sha. Ba addini ba ne, Inna ma ta sani, amma wa zai tsaya gardama da ita?

Afra kuwa ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Inna idonta ya dushe, ƙafa ta ƙi, ta sha cewa ba abin da take jira a duniya sai ta kunna wa ɗan Afra fitilar nan. Shi ya sa da ta ce, "Zulfa, kin gan ta?" sai na ce e, bari in sayo kananzir. Na fita soro na kira ƙanena Ikrama, don in abu ya ɓata a gidanmu shi ake fara tambaya tun yana yaro.

"Yaya, kwantar da hankalinki," in ji shi, har da 'yar dariyarsa. "Ba-zata nake so in yi wa Inna. Na kai ta Sabon Gari wurin Cyprian, ya gyara ta ya sa mata ƙwan lantarki. Yanzu ai abin da ake yayi ke nan a falo, kuma hayaƙi ba shi da kyau ga jariri."

"Yaushe ka kai?"

"Shekaranjiya."

Ban ma tsaya zaginsa ba, na ajiye wannan sai mun haɗu. Na ce ya same ni a can, na tare adaidaita sahu. Ko nisa ba mu yi ba muka maƙale a bakin Kasuwar Singa. Wata babbar mota ta gitta tana sauke buhunan sukari, masu dako sun cika titi, kowa na danna oda kamar shi kaɗai ke da uzuri. Mai adaidaitan ya kashe inji ya hau ba ni labarin tsadar mai. Na dubi rana na ga ta fara karkata, na sauka na tattare mayafina na kama tafiyar ƙasa, ina ture baro ina ba da haƙuri ina harara duk a lokaci guda.

Shagon Cyprian na cikin wani lungu, a bayan masu sayar da kayan wuta. Fitilu ne ko'ina, a rataye da a jere: fitilar ƙwai, fitilar gas, har aci-bal-bal, duk an goge su suna ƙyalli, kowacce da waya ta fito mata ta baya kamar jela. Ban taɓa ganin wuri mai yawan fitilu da babu warin kananzir ko kaɗan ba. Ikrama ya riga ni zuwa a babur, yana tsaye yana sosa ƙeya.

Cyprian dattijo ne mai furfura, haifaffen Kano, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Fagge. Ya miƙo min fitilar da alfahari. "Hajiya, duba aiki. Irin wannan ta reluwe ba ta zuwa min kullum."

Wallahi ta yi kyau, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Tagullar ta koma kamar ɗan kunnen amarya. Na juya ta na ga ya huda gindinta ya zura waya. Lagwani babu, mariƙinsa babu. Na buɗe hular na sa yatsa, yatsana ya fito tas.

"Ina baƙin da ke ciki?" na ce.

"Dattin? Ai shi ya fi ba ni wahala. Ya daskare kamar kwalta, sai da na sa wuƙa."

Na zauna a kan wani kwali. Na gaya masa abin da ya kankare. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi Ikrama, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, me ya sa ba ka faɗa min ba?" Ikrama ya ce shi ya zaci ko wane baƙi ma baƙi ne. Nan na juye masa abin da na ajiye, na yi masa tas, har masu shagon gefe suka leƙo.

Cyprian bai bari na gama ba. Ya zare wayar, ya ɗora ƙarfe a kan ɗan risho don ya liƙe hujin da dalma, ya turo min kwalin tarkace ya ce in nemi mariƙin lagwanin. Na zube shi a ƙasa ina tonawa, Ikrama ya durƙusa da farar shaddarsa yana taya ni, har muka same shi. Na tambayi inda aka zubar da abin da aka kankare, Cyprian ya nuna min kwata da haɓa. Ruwa ya riga ya tafi da shi.

Muna shirin fita ya ce in dakata. Ya shiga bayan kanta ya fito da wani guntun tsumma, baƙi ƙirin. "Da wannan na fara share cikin hular, a bushe, kafin in sa mata man goge ƙarfe. Iyakar abin da ya rage ke nan." Ya naɗe shi a takarda ya miƙo min da hannu biyu.

Na hau bayan babur ɗin Ikrama, abin da rabona da yi tun ina budurwa. A hanya ya ce ko mu tsaya wurin mai shayi mu shafa mata baƙin tukunya, ai Inna ba ta gani. Na ce ya yi min shiru ya kalli gabansa. Muka shiga Fagge ladan na gyara lasifika.

Inna na zaune a bakin gadon Afra, jaririyar na kwance a gefenta. Na ɗora mata fitilar a cinya. Ta shafa jikinta, ta tsaya. Ta buɗe hular ta zura yatsa, ta kai hanci ta sansana, ta sake zurawa. Ikrama ya tsuguna a gabanta ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ni da na zo da faɗa a bakina, sai tausayinsu ya kama ni su duka biyun.

Na warware takardar na sa mata tsumman a hannu, na gaya mata ko mene ne. Ta daɗe tana murza shi a tafinta. Sannan ta ce a zuba kananzir, ta lalubi ashana ta kunna da kanta. Wutar ta kama, hasken ja da kore ya hau bango.

"Wannan ba zai yi tawada ba," in ji ta. "Miƙo min yarinyar."

Afra ta ɗora mata jaririyar. Inna ta goga babban yatsanta a tsumman, ta goga, ta sake gogawa har ya daina ba da komai, sannan ta lalubi goshin yarinyar ta dangwala mata.

"Ya fito?" ta tambaye ni.

Na ce ya fito, Inna.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta, ta sunkuya kan jaririyar. "Ke ce ta ƙarshe da kika samu na Baba Kyari." Ta ninke tsumman ta ɗaure a gefen zaninta. Ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin Ikrama. "Kai kuma ranar suna ka zo da wuri ka koyi kankara. Ka bar na ƙasa, ka ji? Waɗanda za a haifa nan gaba, nawa baƙin za su sha."