Makullin Ruwan Makewayin Inna

Ɗahiru na tsugune a makewayi da sifana a hannu, yana kallon makullin ruwan nan na tagulla yana ɗiga ɗis, ɗis. Tun daga Kaduna ya zo da shi, inda ya yi aiki da masu gyaran famfo kafin ya dawo gida Gwandu. Ya ɗora duro a kan dakali bayan katanga, ya ratso bututu ciki, don mahaifiyarsa Inna Dije ta huta da ɗaukar tulu, tunda gwiwoyinta sun gaza. Har maƙwabta sai da suka zo kallo.

To, amma bazara ta yi tsanani, rijiyar unguwa ta ja baya. Matarsa Jummai ce ke cika duron, ga ta da tsohon ciki.

"Malam," ta ce daga bakin zana, "ruwan da na ɗebo jiya, ƙasa ta sha rabi."

Ya kwance makullin, ya tarar 'yar robar ciki ta bushe ta tsage. Irinta kuwa sai birni.

Ranar kasuwar Kalgo ya bi motar 'yan gyaɗa, ya nufi rumfar abokinsa Atiku baduku. Atiku ya jujjuya robar a tafin hannu, ya yi dariya.

"Yanzu saboda wannan 'yar abar ka sha wannan tafiya?"

"Ita ke shanye min ruwa, kai dai yanko min irinta."

Atiku ya zaɓi fatar sa mai kauri, ya yanka daidai, ya huda tsakiya, ya jiƙa ta da man shanu. Suka ci soyayyen kifi, suka yi hirar damina, sannan Ɗahiru ya kamo hanya.

Washegari da hantsi ya sa fatar, ya ɗaure tamau. Ya buɗe, ruwa ya zubo. Ya rufe, ya tsaya cak. Ya tara tafin hannu a ƙasa har ya gaji, ko laima babu. Jummai ta leƙo ta yi guɗa, shi kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da azahar ya ji Inna na kira daga makewayi.

"Ɗahiru! Zo ka ga aikinka."

Ya same ta riƙe da makullin da hannu biyu, tana ta ƙoƙarin murɗa shi. Makullin ko motsi bai yi ba.

"Ka hana ƙasa sha, ni ma ka hana ni," ta ce tana dariya. "Ko kiranka zan riƙa yi duk sanda zan yi wanka?"

Ya sassauta kaɗan. Ta gwada, ya juya mata. Amma da ta rufe, sai ga ɗigo ya taru a hankali a bakin bututun, ya daɗe yana lilo kafin ya faɗi. Ɗahiru ya sake kai sifana.

"Bar shi haka, ɗan nan," in ji Inna. Ta tura butarta da ƙafa ƙarƙashin bututun. "Kafin la'asar na samu na alwala."

Ya tsaya yana sauraron ɗigon a cikin butar, sannan ya sa sifanar a aljihu, ya ja mata zanar ƙofa.