Ƙulin Wuri Ɗaya

Duk wanda ya san Ramlatu mai ƙuli-ƙuli a unguwar Birni ya san ba ta wasa da lalitarta. Ba wai don abin da ke ciki yana da yawa ba, ina! 'Yan daloli ne, su shiga da safe su fice kafin la'asar. Amma can ƙasan lalitar akwai wuri guda, irin na kuɗin zamanin da, fari, ya yi santsi don tsufa, wanda uwarta ta danƙa mata ranar da aka kawo ta birni daga Tirmini. In ka tambaye ta, sai ta ce ai shi ne kakan kuɗi, jikoki kuwa ba sa nisa da kakansu.

Wata Laraba ta zazzage lalita, babu wuri. Ta share ɗaki, ta tone toka, har akuyar maƙwabta sai da ta yi wa kallon ɓarauniya. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ciniki yana nan yadda yake, amma ita ta rantse ya mutu.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Mushe Mahamud, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, hannu dafe da kunci. Shekara ashirin yana sayen ƙulinta, shekara ashirin yana kushe shi. Irin mutanen nan ne da ko gaisuwa ka yi musu sai sun gyara maka ita.

"Ramlatu, yaushe kika koma soya duwatsu?"

Ya buɗe tafin hannu. Ga wuri ya sha mai ya yi ja, kusa da shi ga rabin haƙori. Ashe tana murza tunkuza ne ya suɓuce ya faɗa ciki, ta mulmule shi, ta soya, ta sayar da abinta.

Ta kai hannu, ya dunƙule nasa.

"Nawa ne. Dala biyar na biya, har da abin da ke ciki."

"Baba Mushe, ka yi wa Allah. In ba ka jikka, dala ɗari biyu cur."

Tsoho ya tuntsire da dariya har haƙori ya tuna masa da kansa. Ya ja benci ya zauna, ya samu abin da ya fi so a duniya, wato ɗalibi wanda ba shi da damar gudu.

"Kin ma san abin da kike saye? Kuɗin nan da kuke ta kashe kanku a kai, sunan wannan abin ne in ya taru. Ɗaya wuri, da yawa kuɗi. Zamanin sarakunan Damagaram na da, bisa jakuna ake loda su, mai ƙirga ya wuni tsugune yana ja biyar-biyar. Jikkar ma da kika ambata, jakar da ake zuba su ce ta bar mata suna. Yau ke za ki ba da jaka sukutum a kan ƙwaya ɗaya! Da kakana ya ji, da ya ce a nemo miki rubutun sha."

Matan da ke jiran ƙuli suka kwashe da dariya. Ramlatu ba ta yi ba.

"Ni ban yi lakwal ba, Baba Mushe. Abin da na sani, shekarar fari aka yi aurena. Inna ta juye ƙwaryarta kaf, ba ta samu kuɗi ko tamma ba. Sai ta tsinko wannan daga jikin faifanta ta ce, kar a ce na sallame ki hannu wofi. Damina ba ta zagayo ba ta rasu."

Kunya ta kama Mushe Mahamud, kunya ta gaske. Sai dai in ya miƙa abin haka kawai, kamar ya ce an kayar da shi ne, shi kuwa tun da ya riƙe alli bai taɓa faɗin haka ba. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ajiye wurin a bakin tire irin yadda mai saye ke ajiye kuɗi.

"Ba ni ƙuli na wuri ɗaya. Kuma ki daka shi, ba ni da abin tauna."

Ramlatu ta ɗauka, ta goge shi da gefen zane, hawaye na zuba ba ta ko share ba. Sannan ta jawo turmi, ta juye tiren gaba ɗaya a ciki.

"Ke, ya yi yawa!"

"Haka farashin yake yau," ta ce, ta ɗaga taɓarya.